Bijimai Goma Sha Ɗaya da Tasar Uwata

Ɗaurin gishirin Foga ashirin da biyu, turkudi shida, goro ƙwarya huɗu, da jakai goma sha biyu. Abin da na fita da shi ke nan daga Gaya a shekarar da na fara zuwa arewa sayen shanu, kuma shi ne duk abin da na mallaka, in ka cire rigar jikina da ɗakin da na bar matata a ciki. Shekara tara na yi ina ɗauko wa mutane goro a ka daga Jugu zuwa bakin kogi kafin in haɗa wannan. Gishirin da turkudin da goron na mayar da su bijimai goma sha ɗaya a bakin wata rijiya, wata rana da azahar. Kafin asubar daren nan, babu ko ɗaya a hannuna.

A lokacin Nasara bai daɗe da kafa bariki a Gaya ba. Sojojinsa kullum sai sun ci nama, mahauta na neman shanu ido rufe, garkunan bakin kogi kuwa ba su gama farfaɗowa daga annobar da ta share su muna yara ba. Kowa a kasuwar Dogonduci yake sayowa, ta hannun dillalai. Na zauna na duba, na ga kafin sa ya iso Gaya ya bi ta hannu uku, kowane hannu kuma sai ya lashi rabonsa. Na ce to ni zan wuce Dogonduci, in je har inda ake haifar su.

Mu huɗu muka tafi. Akwai Zabarmawa biyu da na ɗauka a Yelu don korar jakai, sai taubashina, ɗan kawuna, masunci daga Tunuga. Ya girme ni da shekara biyu, kuma bai taɓa kwana inda ba ya jin motsin ruwa ba. Ya ce zai raka ni ne don kada Filani su sayar da ni. Gishirin a Bengu na saya, cikin yankin Foga, wajen matan da ke dafa shi, na ɗanɗana kowane ɗauri da harshena kafin a ɗora wa jaki.

Muka bi dallol, kwarin wani tsohon kogi da ya ƙafe, muka miƙa arewa. Giginya ta ƙare, goruba ta bi bayanta, bayan Dogonduci da kwana uku sai ƙaya da busasshiyar ciyawa iyakar ganinka. Kaka ta wuce, sanyi bai kankama ba, sama garau. Taubashina ya bi hanya yana mita.

"Bawana, ƙasar nan fara ta aka yi ba a gama ba?"

"Kora jakinka."

"Kwana tara ban ga kifi ba. In na mutu a nan, kai za ka tsaya gaban kawunka ka faɗa masa inda ka kai masa ɗa."

Kwana shida bayan Dogonduci muka iske rijiyar. Mai zurfi ce ƙwarai, takarkari ke jan wasaki, sai ya yi nisa kafin ruwa ya fito. Garke biyar ko shida ke sha a wurin, duk jajaye masu dogon ƙaho, irin waɗanda ba su yarda da baƙo ba. In ka matso sai su ɗaga kai gaba ɗaya su zuba maka ido. Babba a cikin masu su wani dattijo ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, yana jin Hausa sarai in ya ga dama. Kakata Ba'ara ce, tsakanin Arawa da Filani kuwa akwai wasa, saboda haka tun gaisuwar fari ya tambaye ni ko na zo ne in koma hannun ubangijina. Na ce na zo duba bayina ne, in ga ko suna kula mini da shanu. Ya yi dariya, ya sa aka kawo madara.

Kwana uku muna ciniki. Ba ya cewa i, ba ya cewa a'a. In na matsa sai ya ɗauko wata magana, ta ruwan bana ko ta Nasara da aka ce zai zo ƙirga shanu. Ni kuma a hannun ƴan goro na koyi haƙuri, ban yi gaggawa ba. Na buɗe bakin kowane sa na duba haƙori, na taɓa tozo, na sa aka kora shi na ga tafiyarsa. Rana ta uku da azahar muka tsaya a kan goma sha ɗaya. Nan take suka fasa ɗauri biyu suka zuba wa shanu, mata suka kwashe turkudi, kafin la'asar an raba shi. Abin da ya bar hannuna ya tafi ke nan.

Da yamma dattijon ya zo zangonmu.

"Ka bar su su kwana cikin garke," ya ce. "Gobe ƙanena ya raka ku kwana uku, har su saba da muryarku. Ka ba shi jaki ɗaya, ai yanzu ba su da kaya."

Abu biyu na hango. Na hango jakin da zai tafi. Na kuma hango dare guda, wanda ya isa a musanya mini sa mai tsoka da ramamme, in wayi gari ban iya bambancewa ba, tun da duk jajaye ne. An taɓa yi mini haka da huhun goro, sama lafiyayye, ƙasa duk sankara.

"Baffa," na ce, "abin da na saya a gefena yake kwana."

Ya dube ni da idonsa mai gani, ya daɗe.

"Kaɗo, sa ba huhun goro ba ne. Amma naka ne."

Ya sa aka ware mini su. Muka kafa turaku a cikin rairayi, nesa da garkunan kamar jifa uku, muka ɗaure kowanne a ƙaho da igiyar kaba. Suka ƙi kwanciya. Duk sun juya kai wajen ƴan'uwansu, jifa-jifa wani ya yi kuka, a amsa masa daga can.

Daren goma sha huɗu ga wata ne. Muka yi lisha, muka ci tuwo a tasar tagulla da uwata ta ba ni ranar da na fara fita fatauci. Sauran suka kwanta. Ni na ɗauki sanda na zauna kusa da bijimaina, ban yi niyyar runtsawa ba.

A Gaya wata ta cikin itatuwa da hayaƙin girki yake fitowa, kuma kullum yana da na biyu a cikin kogi. A can shi kaɗai ne, ba abin da ke tare shi. Haskensa ya kai har ina ganin inuwar kowane ƙaho a kan rairayi, tsaf kamar an zana. A ƙasa kuwa na fara gane wani abu na faruwa. Inuwar ƙahonin ta soma dusashewa. Na ɗaga kai, na ga gefen wata ta ƙasa ya lotsa, kamar an danna babban yatsa a dunƙulen fura. Na nemi girgije ban gani ba.

Na taɓa riskar husufin wata sau biyu a gida, amma in faɗi gaskiya ban taɓa kallonsa ba. A wajenmu in aka ce rana ta kama wata, gari duka ke tashi. Mata su bugi turame, yara su bi lungu da ƙorai da tasoshi, malamai su nufi masallaci, mutanen kawuna su sauka bakin ruwa suna dukan gefen jirage da filafilai, kowa na roƙon rana ta sake shi. A cikin wannan hayaniya mutane kake kallo. Ka ɗaga kai sau ɗaya ko biyu ka ga ko an saki, shi ke nan.

A daren nan na kalla. Bakin duhun ba a miƙe yake ba, a lanƙwashe yake kamar gefen faifai. In ka kafa masa ido ba ka ganin yana tafiya, sai ka kau da kai ka dawo ka tarar ya ci gaba. Taurarin da hasken wata ya ɓoye suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Daga wajen garkunan ban ji ganga ba, ban ji kururuwa ba. Abin da na ji muryoyin maza ne ƙasa-ƙasa, sun shiga tsakanin shanunsu suna zagayawa suna yi musu magana, kamar yadda ake lallashin mara lafiya. Na zauna ina mamakin yadda abu mai girma haka ke faruwa ba tare da ƙara ko kaɗan ba. Na ce a raina ko in tashi taubashina ya gani, sai na ce bari ya huta. Da na tashe shi da hannuna, da na riƙe nasa hannun.

Fitsari ya tashe shi. Ya miƙe, ya ɗaga kai, ya yi abin da uwarsa da kakarsa suka yi. Ya rarumi tasa da muciya ya shiga duka, yana kiran rana da Dendanci, harshen mutanen kogi, da iyakar muryarsa. Zabarmawan suka zabura, ɗaya ya kama murfin tukunya, ɗaya ya kama gora, ba wanda ya tsaya tambaya. A wurin da ake jin tarin mutum daga wancan garke, ka ƙiyasta inda ƙarar tagulla za ta kai.

Bijimaina suka firgita suka fizga, turakun suka fita daga rairayi kamar ana cire albasa. Na cafki igiya ɗaya, ta zare ta tafi da fatar tafin hannuna. Na ji ƙasa na rawa ta wajen garkunan, na ji muryoyin makiyayan sun ɗaga da wani dogon kira, sannan a hankali abin ya lafa. Nasu sun tsaya, domin akwai muryar da suka sani a tsakaninsu. Nawa babu.

Na je na karɓe muciyar daga hannun taubashina. Ban doke shi ba.

"Rana ta kama wata," ya ce yana haki. "Ba ka gani ba?"

"Na gani. Kai dubi turakun."

Ya duba, ya ajiye tasar a hankali.

Jim kaɗan sai ga dattijon, sanda a gicciye bisa kafaɗa, yana tafiya kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Wa aka kashe?"

"Ba kowa, Baffa. Wata suke ceto."

"Da tasa?"

"Haka muke yi a gida."

Ya juya wajen taubashina. "A gidanku me kuke kiwo?"

"Kifi, Baffa."

"Kifi ba shi da kunne?"

"Yana da shi. Wurin gudu ne ba shi da shi."

Dattijon ya yi ƴar dariya ta hanci. Na ɗauki sandata na ce zan bi sawu. Ya ce in na bi su cikin wannan duhu-duhun ƙara kora su zan yi, ga ramuka, ga kuraye. Ya ce in zauna, abin da ya gudu da dare safiya ke nemo shi. Ya tsuguna a kan rairayi, na zauna gefensa, muka ɗaga kai, tun da ba wani aikin da ya rage.

Idona na sama, hankalina na wajen garkunan. In bijimaina can suka koma, igiyar kaba ba ta daɗewa a ƙaho, kafin asuba sun zama jajaye cikin jajaye. Mutumin da ke gefena yana iya cewa bai ga ko ɗaya ba. Ba alƙali tsakanin nan da tafiyar kwana shida, kwamandan Nasara na Gaya bai ma san da rijiyar ba. Ko da akwai alƙalin, me zan faɗa masa? Da bakina na ce a fitar mini da su. Kuma da yamman nan na nuna wa dattijon, a gaban mutanensa, cewa ɓarawo na ɗauke shi. Na ga kaina ina shiga Gaya da jakai ba kaya, na ga matata ta fito ƙofa tana duban bayana, na ga gammon da na jefar ina sake naɗa shi.

Don in raba kaina da wannan tunani na tambaye shi abin da su suke cewa yana kama wata.

"Ban sani ba. Malamai sun ce aya ce. Sau huɗu na gani kafin yau. Sau ɗaya an cinye shi duka har ya yi ja, sauran an ci an rage." Ya gyara zama. "Abin da na sani, shanu ba su son sa. To wajen shanu nake zuwa. Wata yana da mai shi. Su ni gare su."

Na tashi na yi taimama na yi raka'a biyu, yadda na ga malamai na yi. Ba zan ɓoye ba, roƙona bijimai sun fi wata yawa a cikinsa.

Duhun ya ci bai kai rabi ba, ya tsaya. Ya daɗe a haka, har na fara zaton a nan zai kwana. Da na ƙura ido na ga wajen da aka ci bai tafi ko'ina ba, yana nan a wurinsa, ya yi launin gindin tasar da ba a goge ba. Wannan ban taɓa sani ba. Duk zamana a Gaya na ɗauka gutsure shi ake yi. Sannan bakin faifan ya soma ja da baya, da irin nawar da ya zo da ita, inuwar turakun da suka rage ta dawo kan rairayi.

Taubashina ya yi magana daga bayanmu ƙasa-ƙasa.

"Da ba a ƙwace mini muciya ba, da tuni ta sake shi."

"Da ba a ƙwace ba," in ji dattijon, "da yanzu ba saniya ko ɗaya tsakanin nan da Azawak."

Da wata ya cika ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

"Goma sha ɗaya ne ko?"

"Goma sha ɗaya."

"To."

Ya juya ya koma wajen garkensa. Na kwana ina juya wannan "to" ɗin, ban samo gabansa ba.

Gari na wayewa ya zo da kansa ya shiga da ni cikin garke. Yana tafiya yana kira, sai ka ga sa ya ɗaga kai ya ratso ya fito. Huɗu na gane da idona: mai guntun ƙaho, mai farin tabo a goshi, da wasu biyu. Sauran sai da na buɗe bakinsu. Yana tsaye yana kallona ina duba haƙora, ni ma na ji kunya amma ban fasa ba. Tara suka fito, kuma iyakar abin da na iya tunawa su ne na saya. Na goma muka same shi da hantsi a cikin wani kwazazzabo, ƙafar gaba ta karye. Muka yanka, aka raba wa rugage, muka shanya namu, na ɗauki fata. Na goma sha ɗaya sawunsa ya yi gabas maso arewa, ya hau ƙasa mai tauri ya ɓace. Kwana biyu muna nema.

"In ya dawo naka ne," in ji dattijon.

Ni na tayar da maganar rakiya da kaina. Ya ce har yanzu jaki ɗaya ne, sai dai a haɗa da tasa.

"Tasar ta uwata ce, Baffa."

"Wata na iya sake yin zazzaɓi a hanya. Ba na son ƙanena ya dawo mini da labari."

Na ba shi. Ƙanen nasa, magidanci ne mara magana, kwana huɗu ya yi da mu a maimakon uku. Shi ya koya mini yadda ake shiga gaban sa a kira shi ya biyo, a maimakon a bi shi da sanda. A tukunya muka riƙa cin tuwo har gida, taubashina na cewa ya fi daɗi a haka.

Da tara na shiga Gaya. Bakwai na sayar wa mahauta, biyu na bar su suna cin ciyawar burgu a bakin kogi har suka yi ƙiba kasuwa ta tashi. Abin da suka kawo ya mayar da gishiri da turkudi da goro da jakin, har ya isa na fita da gishiri ɗauri talatin da shekara ta kewayo.

Da na koma, a tasar uwata aka kawo mini madarar maraba. Dattijon ya ce san bai dawo ba. A cikin garke na ga wani ja mai tsaga a kunnen hagu, irin wadda nake zaton na goma sha ɗaya yana da ita. Jajaye masu tsagar kunne suna da yawa a can. Ban tambaya ba. A shekarar, da duk shekarun da suka biyo, cikin garke nake barin abin da na saya ya kwana. Shekara goma sha shida ina zuwa rijiyar nan, har dattijon ya rasu mutanensa suka yi gaba.

Bayan haka an kama wata sau uku ina Gaya. Kowane karo in gari ya ɗauki dukan turame, ni bayan gari nake fita wajen shanuna, in tsaya a tsakaninsu ina yi musu magana, ina kallon sama. Taubashina kuwa bai daina dukan jirginsa ba har tsufa, kuma har ya bar duniya yana cewa shi ya hana a ci rabin da ya rage a daren nan.

In na haɗa tafiyar duka, ga yadda ta tsaya. Na rasa sa guda a kwazazzabo, jaki ɗaya, tasar uwata, da fatar tafin hannuna, wadda tabonta ke nan har yau. Na samu bijimai tara, fata ɗaya, da rijiyar da ta ciyar da gidana shekara goma sha shida. Na goma sha ɗaya na daɗe ban san gefen da zan sa shi ba. Daga baya na bar shi a gefen hasara, tun da ko wuri ban ci nasa ba.